Wa Zai Rubuta Hunturun Batsari?

 

Makon jiya da dare wani abokina ɗan Safana da muke ɗaki ɗaya ya tashe ni daga barci, wai in saurari waƙar da ya tsara wa wata yarinya ta sashen akanta. Da Turanci ya yi ta. A cikin baiti huɗu dusar ƙanƙara ta zuba sau uku, zuciyarsa ta daskare, jajayen ganyaye suka faɗo a bakin tafki. Yana karantawa yana lasar leɓe don ya tsage, dugadugansa duk faso, kuma sai ya goge ƙura daga fuskar wayar da gefen riga kafin ya ga layi na gaba. Na ce masa, "Malam, a Safanar ina ka ga dusar ƙanƙara? Runka ko Zakka?" Ya ce ai haka ake waƙa. Muka yi dariya, na ja bargo. Amma barci ya ƙi zuwa, don na san ni ma in na ɗauki biro haka nake yi.

Maganata gajeriya ce, ko da yake zan ɗan yi zagaye kafin in isa. Mu 'yan wannan yanki muna da lokacin sanyi namu na kanmu, da sunansa da kamanninsa da ƙamshinsa, kuma a 'yan shekarun nan ya ɗauko wani nauyi da iyayenmu ba su san shi da shi ba. Mu da Allah ya ba ilmin rubutu mun bar shi a ƙasa muna aron sanyin wasu, alhali zanen aro ba ya rufe katara. Abin dariyar shi ne, waɗanda suka farkar da ni kan wannan Sinawa ne, kuma Sinawan da suka rasu shekara dubu da ɗoriya.

Ni ɗan ƙaramar hukumar Batsari ne, daga wani ƙauye yamma da gari, inda in ka hau tudu kana hango bakin dajin Rugu. Lantarki nake karanta, kullum ina tsakanin waya da mita, ba abin da ya haɗa ni da adabi sai sha'awa. Mahaifina mai sauraron rediyo ne na ƙin ƙarawa. Ba tashar da ba ya kamawa, har da ta ƙasar Sin, wadda ke magana da Hausa tun 1963. A wani hutu na ji ana bayani a can cewa manoman Sin sun raba shekara gida 24, kowane gida kwana 15 ko kusa da haka, kowanne da sunansa. Da na dawo makaranta na sa data na bi diddigi. Ashe uku daga cikin gidajen kaka duk sunan raɓa gare su. Wajen 8 ga Satumba akwai wanda suke kira Farar Raɓa. Wajen 8 ga Oktoba sai Raɓa Mai Sanyi. Wajen 23 ga Oktoba kuma sai Saukar Daskararriyar Raɓa, gida na 18, wanda da shi kakarsu ke rufe ƙofa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan lissafi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Bari in bayyana wannan daskararriyar raɓa, tunda ba mu da ita. In dare ya yi garau, ba gajimare ba iska, ƙasa takan saki zafin da ta sha da rana. In sanyin saman ciyawa ya sauka ƙasa da digiri sifili, laimar da ke cikin iska sai ta daskare a kan ganye, a wayi gari fili ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Rana na fitowa ta narke, amma ta riga ta kashe duk shukar da ba ta da ƙwari. Mu nan sanyin asubarmu yawanci tsakanin digiri 10 da 15 yake tsayawa, iskar kuma ta bushe ƙayau, ko raɓar kirki babu balle ta daskare.

Wannan farin abu na asuba shi mawaƙan Sin suka riƙe tun a tsohon kundin waƙoƙinsu mai waƙa 305, wanda ya haura shekara 2,500. A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, abin ya kai maƙura. Da wani sarkinsu ya ba da umarni a 1705 a tattara waƙoƙin wannan daula, an samu kusan 49,000 daga mawaƙa fiye da 2,200, kuma kaka da sanyinta sun cika su. In mawaƙi ya ambaci daskararriyar raɓa, mai sauraro ya san ana iya nufin furfura, wato shekaru sun sauka a kai cikin dare ba sallama. Ana iya nufin tsananin hukuma, domin a dokarsu ta da, bayan kaka ake zartar da hukuncin kisa. In ya ambaci dinyoyin daji da ke ƙaura zuwa kudu a jere, to maganar wasiƙa ce da kewar gida. In ya ambaci ƙarar bugun tufafi a kan dutse cikin dare, kowa ya san mata ne ke shirya rigunan sanyi da za a aika wa mazajensu a bakin daga. Akwai wata fulawa da ke buɗewa bayan sauran duk sun mutu, ita suka mai da alamar mutumin da wuya ba ta tanƙwara shi. Kai, har a rubutunsu, in za a rubuta wata kalma ta baƙin ciki, alamar kaka ake ɗorawa a kan alamar zuciya.

To, kada wani ya ce na zo in ce mu bar kwaikwayon Bature mu koma kwaikwayon Basine. Wannan ai an gudu ba a tsira ba ke nan. Abin da ya kama ni shi ne yadda suka yi. Sun tsaya sun kalli abin da ke ƙofar gidansu, sun ba shi suna, sun san ranar zuwansa, sa'an nan suka ɗora masa abin da ke cin ransu. Mutumin da ya bambanta raɓa iri uku a cikin wata ɗaya da rabi, ya yi kallo na gaske. Wannan kallon nake so mu ɗauka, kayan kuwa muna da namu.

Muna da su, wallahi. Tsofaffin manomanmu da malaman zaure suna da lissafin taurari 28, kowane tauraro kwana 13 sai Jabha mai 14, jimla kwana 365. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Wannan lissafin noma ne, ba ruwansa da duba. Da shi manomi ke sanin lokacin shuka da lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa. Sarfa da Iwa da Simak na kaka ne, Shaula da Nu'aimu da Balda na ɗari. Na tambayi mutum goma a ajinmu, ɗaya ne kaɗai ya taɓa jin sunan ko guda, shi ma a bakin kakansa. Sinawa sun kai nasu lissafin gaban duniya an sa masa hatimi, mu namu yana nan a ƙirjin tsofaffi, kowace shekara ana binne wani yanki nasa.

A hutun da ya wuce na je gaida kakata. Yanzu cikin garin Batsari take, a wani ɗaki da wani ɗan'uwa ya ba ta aro. Na tarar da ita tana jin ɗumi a gaban kasko. Na ce, "Tsohuwa, sanyin bana fa ya yi yawa." Ta harare ni ta ce, "Kai maigidan, ku ɗiyan boko komi sanyi ne gare ku. Wanga ai ɗari ne." Ta ce sanyi shi ne mai laima, irin na marka, wanda ke shiga ƙashi. Ɗari busasshe ne, shi ke tsaga leɓe da dugadugi. Jaura ita ce iskar da ke yankan kunne da asuba. Hazo shi ne farar ƙurar da ke rufe rana har ka kalle ta da ido kamar faifai. Muku-muku kuwa shi ne lokacin da abin ya kai ƙarshe, yaro ya ƙi fitowa ko an ce ga ƙosai. Kafin duk wannan akwai agazari, zafin nan mai cin rai da ke zuwa bayan ɗaukewar ruwa, wanda ke ƙarasa nunar dawa. Ta ba ni labarin gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da man kaɗe da ake shafa wa yara kafin su kwanta. Na zauna ina rubutawa a waya, tana yi mini dariya wai miji ya koma almajirin matarsa.

Ga kuma abin da ido ke gani. Shamuwa da ta zo mana da albishirin ruwa ta tattara ta tafi. Kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara. Magarya ta nuna, mangwaro ya yi fure, masu rake sun cika bakin hanya, ana gasa dankali a toka. Da dare almajirai sun kewaye wutar kara suna karatu, gabansu zafi bayansu ɗari. Ga gawo, itacen da ya saɓa wa kowa: da damina, lokacin da kowane itace ke taƙama da ganye, shi a bushe yake, sai rani ya shigo kowa ya kaɗe sa'an nan ya yi kore shar, dabbobi su samu inuwa da abinci. In Basine yana da fulawarsa mai jure sanyi, mu muna da gawo, kuma ni a ganina namu ya fi nasu magana. Ita kanta ƙurar da ke shaƙe mu baƙuwa ce mai dogon zango. Yawancinta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta sauke mana a kan littattafai.

Akwai wani babban bambanci tsakaninmu da Sinawa da ya kamata in faɗa. Su kakarsu lokacin baƙin ciki ce a waƙa. Mu tamu lokacin murna ce. Da kaka ake yanke gero, a bi da dawa, a yi roron wake, a ɗaure dammuna, a fitar da na zakka ɗaya cikin goma, a cika rumbu. Da kaka ake biyan bashi, a ɗaura aure, a yi kalankuwa, 'yan dambe su fito, makaɗa su samu abin sawa a aljihu. Yaron ƙauye bai san wani lokaci da ya fi wannan ƙoshi ba. Haka na taso na gani, kuma ban tsufa ba.

Yau fa? Duk ɗan Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da ke karanta wannan ya san amsar. Kaka ta zama lokacin da gaban manomi ke faɗuwa. Akwai ƙauyukan da sai an haɗa kuɗi an kai wa 'yan bindiga kafin a bar mutum ya girbe abin da ya shuka da hannunsa. Akwai gonakin da dawa ta nuna ta bushe a tsaye, tsuntsu da gara suka raba. Babbar gonar mahaifina tana cikinsu. Shekarar da muka bar ta, ya yi ta tsayawa a bakin gari da yamma yana kallon wajen, ba ya cewa komai. Rumbun da ake alfahari da shi ya koma abin da ake cinna wa wuta.

A daren Juma'a 14 ga Fabrairu 2020, a ƙarshen hunturu, aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari, da yawansu tsofaffi da ƙananan yara da ba su iya gudu ba, aka ƙone gidaje da hatsi da dabbobi. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Da aka sako su 344 bayan kwana shida, duniya ta gan su a hoto, ƙafa ba takalmi, sun lulluɓa da barguna, fuska duk ƙura. Wasu daga cikinmu sa'o'insu ne. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da namu, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. A Satumba aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13, da Batsari da Safana a ciki, sai a Disamba aka fara maido da shi. Kaka guda cur, wanda ke Katsina bai san ko na gida sun kwana lafiya ba sai in direba ya kawo saƙo. A lokacin da na karanta maganar dinyoyin Sinawa masu ɗaukar wasiƙa, ban buƙaci kowa ya yi mini sharhi ba.

Wannan ya kawo ni kan mutumin da ya fi tsaya mini a rai, Du Fu. An haife shi a 712, ya rasu a 770. Ya faɗi jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya yi shekaru yana neman abin yi a babban birni, sai a 755 ya samu wani ɗan muƙami. A ƙarshen wannan shekara, cikin tsananin sanyi, ya je ganin iyalinsa a ƙauyen da ya ajiye su, ya tarar ƙaramin ɗansa ya mutu da yunwa. A daidai wannan lokaci wani janar mai suna An Lushan ya yi tawaye, aka shiga yaƙin da bai ƙare ba sai 763. Du Fu ya zama ɗan gudun hijira, ya faɗa hannun 'yan tawaye, ya kuɓuta, ya yi ta yawo da iyali daga gari zuwa gari. A Chengdu ya yi 'yar bukkar ciyawa, iskar kaka ta 761 ta yaye rufin, ruwa ya jiƙa shimfiɗar yaransa. Ya zauna ya rubuta abin da ya faru a daren, kuma bai tsaya kan kansa ba, ya tuna da sauran marasa rufi. Waƙoƙinsa fiye da 1,400 sun iso zamaninmu, kuma Sinawa na kiransu tarihi a cikin waƙa.

Ku duba wannan da kyau. Littattafan fada sun ajiye sunayen janar-janar da ranakun yaƙi. Amma yadda dare ke yi wa mai gudun hijira tsawo, da yadda tsohon bargo ke yin sanyi, da abin da uba ke ji in ya kasa ciyar da ɗansa, wannan a wurin Du Fu aka same shi. Mu ma jaridu sun ajiye mana lissafi: mutum 30, ɗalibai 344, ƙananan hukumomi 13. To wa ya ajiye yadda jaura ke shiga ajin firamare da aka mai da masaukin 'yan gudun hijira, tagogi ba marfi? Wa ya ajiye yadda mace ke kwana a cikin kara da goyo, tana toshe bakin jariri, ga ɗari ga tsoro? Wa ya ajiye abin da kakata ke ji in ta tuna gadon ƙasarta da ta baro? In ba mu rubuta ba, nan da shekara 50 jikokinmu za su samu lamba kawai, ko su samu abin da baƙo ya rubuta bayan ya kwana biyu a otal a Katsina. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kayan aikin ma ba sai mun ƙera ba. Na'ibi Sulaiman Wali ya yi wa damina waƙar da har yau ake karantawa a makarantu. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi sun nuna cewa Hausa na iya ɗaukar siyasa da wa'azi da zambo da kuka. Mamman Shata, ɗan jiharmu, ba abin da ya gani ya ƙyale. Hunturun da muke ciki yanzu, wanda ya haɗa ƙura da hayaƙin rumbu, shi ke jiran nasa.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a wurin mai shayi. Na farko: waƙa ba ta korar ɗan bindiga, ba ta rufa wa kowa jiki. Gaskiya ne, ban musa ba. Waƙar Du Fu ba ta tsayar da yaƙi ko na yini ɗaya ba. Amma mutane ba sa taimakon abin da ba su ji a jikinsu ba. Ɗalibin da ya taso a cikin birni, in ka ce masa mutum dubu sun bar gidajensu, zai ce Allah ya kyauta ya ci gaba da latsa waya. In ka sa shi ya ji daren mutum ɗaya daga cikinsu, zai iya tashi ya buɗe akwatinsa. Tsakanin huntu da hunturu harafi biyu ne kacal, amma sai an nuna wa mai bargo kafin ya lura.

Na biyu: mu 'yan kwalejin fasaha ne, a bar wa 'yan jami'a masu karanta Hausa. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Sa'adu Zungur a babbar kwalejin Yaba ta Legas ya yi karatu, wadda kwalejin fasaha ta Yaba ta gada, kuma ta fannin kiwon lafiya ya fara aiki. Abin da ake koya mana kullum a ɗakin gwaji shi ne ka duba da kyau, ka auna, ka rubuta abin da ka gani ba abin da kake zato ba. Wanda ya iya karanta mita ba tare da ƙari ba zai iya kwatanta asubar Janairu ba tare da dusar ƙanƙara ba.

Na uku shi ne mai nauyi: tsoro. Wani ya ce mini, "Kai kana nan cikin katanga kana rubutu, iyayenmu na can." Wannan magana ce ta hankali, kuma dole a kiyaye ta. Kada kowa ya rubuta sunan mutum, ko ya nuna gidan da ke da hatsi, ko hanyar da mutane ke bi su tsira, ko ya zargi wani da abin da ba zai iya tabbatarwa ba. Ni ma kun ga ban faɗi sunan ƙauyenmu ba. A nan ne ma dabarar Sinawa ke da amfani. Su ma a ƙarƙashin sarakuna masu saurin fushi suka rayu, shi ya sa suka bar raɓa da tsuntsu da fulawa su yi magana a madadinsu. Kana iya rubuta dawar da ta bushe a tsaye ba ka ambaci kowa ba, kuma duk wanda ya sani zai gane.

Na huɗu: wai a bar tone-tone, a bar ciwo ya warke, kowa zaman lafiya yake nema. Ni ma shi nake nema, fiye da kowa, don ina so mahaifina ya koma gonarsa kafin ƙarfinsa ya ƙare. Amma miki in an rufe shi da datti a ciki, ruɓewa yake yi. Kuma rubutun da nake kira a yi bai tsaya kan kuka ba. A rubuta ƙamshin sabon tuwon dawa, da hirar gindin wuta, da angwayen kaka, da gawo. Yaran da aka haifa a gudun hijira ba su taɓa ganin kalankuwa ba. In ba a ajiye musu yadda kaka take a da ba, da me za su san abin da ake so a maido?

Saboda haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai da masu kula da wannan mujalla, abu huɗu, kuma ba wanda ke cin kuɗi mai yawa. A ware shafi guda a kowace fitowa ta lokacin sanyi don rubutun Hausa kan kaka da hunturu, waƙa ko zube, da boko ko da ajami. Kowane ɗalibi da zai je hutu ya zauna da wani tsoho a gidansu ya kawo mana kalma goma ta yanayi ko ta noma da ma'anarsu, in tsohon ya yarda a naɗi muryarsa. 'Yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji su rataye ma'aunin zafi a waje, su riƙa rubuta abin da ya nuna da ƙarfe shida na safe daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mu ga ko ya dace da lissafin taurarin tsofaffi. Na ƙarshe, wanda ya fi sauran gaggawa: a fara tara tsofaffin rigunan sanyi da barguna tun Oktoba, a kai wa waɗanda suka baro ƙauyukansu ta hannun ɗalibai 'yan yankin da suka san inda suke. Bargon da ya iso a Maris, lokacin da zafi ya fara, sunansa kaya.

Abokina ɗan Safana bai ji haushin dariyar da na yi masa ba. Shekaranjiya na gan shi a bayan ɗakin karatu yana waya da kakarsa, yana tambayarta sunan iskar da ke kaɗawa kafin fitowar rana. Na ji tsohuwar ta cikin waya tana cewa, "Yau kuma mi ya same ka?" Ya ce waƙa zai yi. Ban san ko yarinyar sashen akanta za ta karɓa ba, wannan tsakaninsu ne. Ni dai na ce masa in ya gama ya kawo wa mujalla, kuma in bai kawo ba zan tona asirin ta farkon.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mai da kowa gidansa da gonarsa, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wanda ke da bargo biyu ya tuna da wanda ba shi da ko ɗaya. Wassalam.

Daga wani ɗalibin aji biyu, sashen lantarki.